Hagun Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya zaman kaɗaici? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Yara suna gaishe ki, babansu ma haka.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Inna ce. Da na ɗaga waya da sunanki sai ta zo ta tsaya a kaina, ita kuma ba ta so a gaya miki komai ban da "jiki da sauƙi". To, sauƙin gaskiya ne. Tun da aka sallamo Baba daga asibiti ƙafar take ta dawowa, yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa tsakar gida. Bakin ma ya miƙe, magana tana fita tar, har ya fara yi mana faɗa. Likita ya ce a cikin masu shanyewar ɓarin jiki shi mai sa'a ne.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Baba ba ya ganin Inna. Tun safe tana zaune a gefen gadonsa, ta yi masa fifita, ta ɓare masa magani, shi kuwa sai ya dube ni ya ce, "Wai ina uwarku ta shiga ne? Mutum yana kwance ba za a leƙo shi ba?" Jiya a gabanta ya faɗa. Ta tashi ta shiga kicin, na bi ta na tarar tana wanke kofin da ta riga ta wanke.

Ban san me zan yi ba, shi ya sa na rubuto. Kada ki nuna mata na gaya miki.

Yayarki

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, amma wasiƙarki ta kusa kayar da ni. Ina ganin "ba ya ganin Inna" na ɗauka idon ne ya tafi. Sai da na je na tsaya a ƙofar ofishin ogana da niyyar neman izinin tahowa gida, kuka ya hana ni ƙwanƙwasawa. Da na dawo na sake karantawa sai na ga kin ce ya dube ki. Ke nan yana gani. Daga nan sai na shiga wani tunanin, ko faɗa suka yi ne yake hukunta ta. Amma Baba bai iya gaba ba, ke ma shaida ce, faɗansa a baki yake ƙarewa. Don Allah Yaya, in za ki ba da labari ki riƙa ba da shi da kai da ƙafa.

Ki amsa mini abu biyu. A wane gefensa Inna take zama, dama ko hagu? Sannan ki ɗauko guntun katako a shagonsa, ki ba shi fensir ki ce ya sa miki alama a tsakiya. Kada ki taimaka masa, kada ki yi dariya.

Kin sha cewa wasan yara ake biya na in yi, saboda kin ga hotona da akwati ɗaure a fuska. To a wurin aikin namu, rabin masu sa akwatin nan mutane ne irin Baba, waɗanda ake koya wa jikinsu abin da ya manta. Na ga masu irin abin da nake zargi. Ba na so in faɗa sai na ji amsarki.

Ki shafa mini kan yara.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Jikin Baba alhamdulillahi, Inna ce dai ba ta cin abinci sosai.

Hagu ne. A hagunsa take zama, domin gadon a jikin bango yake ta dama. Da na lura da wannan sai abubuwa suka riƙa faɗo mini. In an ba shi abinci, rabin faranti yake cinyewa, ya bar ɗaya rabin kamar an ja layi da wuƙa, ya ce mun rage masa abinci. In na juya farantin sai ya ce, "Yawwa, ashe da ƙari." Kafaɗarsa ta hagu duk ta yi tabo saboda bugun ƙofa.

Na ba shi katakon. Auta, mutumin da ya yi rayuwarsa yana kafinta, wanda yake duban ƙofa daga nesa ya ce ta karkace kuma a auna a ga haka ne, shi ne ya sa alama can kusa da ƙarshen dama. Ya miƙo mini yana cewa, "Ko awo ba sai kin sa ba." Ban yi dariya ba, kada ki damu.

Na kai wa mai gashin ƙashin da take zuwa motsa masa jiki katakon. Ta ce dama ta lura, tana jira ne ƙafar ta yi ƙarfi. Wai idonsa lafiya lau, ƙwaƙwalwar ce ta daina kula da duk abin da yake hagu, kuma shi bai san akwai abin da ya rasa ba.

Na janye gadon daga bango na mai da kujerar Inna dama. Yana ganinta ya washe baki ya ce, "A'a, yau kin tuna da ni?" Gara ma rashin ganin da wannan maganar. Ta ɗauki kujerarta ta mayar hagu, ta ce nan ne wurinta tun kafin a haife mu. Mai gashi ta goyi bayanta, wai zamanta a nan zai iya jawo hankalinsa. Na yi mata bayanin ciwon har bakina ya gaji, ta ce ta ji, amma ji daban, zuciya daban.

To malamar akwati, ga amsa. Sai me?

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Baba sannu. Wannan wasiƙar tana cikin kwalin da na aiko, ki karanta kafin yara su yi wa kayan rubdugu.

Abin da yake ciki gilashi ne da ake ɗaurawa a fuska ya rufe idanu gaba ɗaya. Wanda ya sa zai ga kansa tsaye a wani wuri, in ya juya kai wurin ya juya da shi, kamar da gaske. Akwai ɗan abin riƙewa a hannu, da shi zai ga hannunsa a ciki. Hotunan shagon Baba da na sa ki ɗauka kina ta mita, ga amfaninsu: shagon na gina masa a ciki, da teburin aiki, da zarto, da gwangwanin ƙusoshi, har da kalandar nan da ya ƙi cirewa.

Aikinsa kawai ya riƙa ɗaukar kayan aiki yana ratayewa a bango. Dabarar ita ce, hannun da zai gani a ciki mun ɗan gusar da shi dama, ba daidai inda hannunsa na gaske yake ba. Don ya kama guduma dole ya riƙa miƙa hannu hagu fiye da yadda ya yi niyya. A hankali jiki yake sabawa da neman hagu, wani lokaci hankali ya biyo baya. Ba kowa yake yi wa aiki ba, ba zan yi miki alkawari ba.

Na yi magana da mai gashin a lambar da kika ba ni, ta amince, ta ce ita za ta riƙa tsayawa a kai. A zaune zai yi, na ɗan lokaci kaɗan. Bayan ya cire zai ɗan ji wani iri, kada ki damu, yana wucewa.

Ki gaya masa in ya ƙi sawa, zan zo in sayar da zartonsa.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, kaya sun iso ba abin da ya fashe.

Da farko cewa ya yi shi ba jaki ba ne da za a sa masa takunkumi. Yanzu sunan abin ke nan a gidan, takunkumi. Saƙon zarton ne ya sa ya yarda.

Mai gashi ta ɗaura masa. Can ya ce, "La ilaha. Wa ya share mini shago?" Tun ranar da ya faɗi bai taka shagon ba, kin sani, matakalar ƙofar ta fi ƙarfinsa. Ya riƙa juya kai yana kiran kayan da sunansu kamar yana gaisawa da mutane. Ya miƙa hannu zai dafa teburin, ya dafa iska, da ba a zaune yake ba da ya kifa. Inna ta toshe baki tana dariya, rabon da in ji dariyarta har na manta.

Yana da ƙorafi. Wai ki sake awo, shagonki ya tsuke, bangon ƙarshe ya matso kusa da hancinsa. Na ce da tef na auna miki, ya ce to tef ɗin ne ya yi ƙarya. Mai gashi ta ce haka mutane da yawa suke ji a ciki, abu mai nisa ya zama kamar yana kusa. Ni ma na sa don in gani. Na san sarai a ɗakin Baba nake, amma da na ga gudumar tana faɗowa daga tebur sai da na janye ƙafa. Da na cire kuma ɗakin ya yi mini wani girma, na tsaya ina kallon bango kamar baƙuwa. Na janye maganar wasan yara, rabi dai.

Yanzu kullum shi yake tambaya ko lokacin takunkumi ya yi.

Yayarki

*

Auta,

Ba doguwar gaisuwa yau. Inna ta ƙone.

An cire masa gilashin, mai gashi ta fita wanke hannu, Inna ta kawo shayi. Kofin yana gabansa, ita tana riƙe da butar. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, hannun ya wuce kofin ya tafi can gefe ya doke butar. Ruwan zafi ya kwarara mata a wuyan hannu. Mun je an sa magani an naɗe, sun ce ba zai yi zurfi ba, amma fata ta tashi.

Wannan shi ne "wani iri" ɗin? Ni na ɗauka jiri kike nufi, har lemo nake ajiye masa. Da kin ce hannunsa zai riƙa kuskure abu, wa zai kawo ruwan zafi kusa da shi? Kafin abinki ya zo, aƙalla hannunsa na dama yana zuwa inda ya aike shi. Ɗaya da ya rage masa shi ma kin karkatar.

Kina can nesa kina gwaji, mu ne muke nan da jini da tsoka. Na mayar da shi cikin kwalinsa na ɗora a kan kabad.

Yaya

*

Yaya,

Na kira ba ki ɗauka ba, na kira Inna wayarta a kashe. Yaya hannun nata? Tana iya barci da shi?

Kin yi gaskiya. Kalmar da muke gaya wa juna a wurin aiki na rubuta miki, na manta ke ba ki taɓa gani ba. Na yi wa mai gashi cikakken bayani, na ɗauka ya isa, alhali ke da Inna ne kuke tare da shi in ta tafi. Ga abin da ya kamata in rubuta: bayan ya cire, hannunsa zai riƙa zarcewa hagu na ɗan lokaci, don haka a nisanta shi da wuta da wuƙa da ruwan zafi har ya daidaita. Ba lalacewa hannun ya yi ba, yana komawa daidai da kansa. Wannan zarcewar ma ita ake nema. Na san faɗin haka yanzu ba ya warkar da ƙuna.

In kin yanke a bari, a bari. Ke kike ɗauke da gidan, ba zan ja da ke ba. Amsa kawai nake roƙo, ko layi ɗaya.

Auta

*

Yaya,

Shiru har yanzu. Mijinki ya ce mini kowa lafiya, daga nan bai ƙara komai ba, na san kuma wa ya hana shi. Ba na iya aiki. Jiya wata tsohuwa ta zo gwaji, na kasa ɗaura mata gilashin, sai abokiyar aikina ce ta karɓa. Ki ce wa Inna ta yafe mini.

Auta

*

Autata,

Ni ce uwarki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannun bai saba ba, ga kuma bandeji. Ina lafiya, babanku yana lafiya. Wayata ta faɗa ruwa ne ranar abin, ba fushi ba ne. Mijin yayarki ya gaya mini kina can kina cin kanki, shi ya sa na nemi takarda.

Yayarki tana tsakar gida lokacin da abin ya faru, ƙarshensa ta gani. Ni zan gaya miki farkonsa. Da ruwan ya zubo na yi ƙara. Babanku ya juyo. Auta, ya juyo da kansa gaba ɗaya ta inda nake, ya kama hannuna yana hurawa, yana cewa, "Subhanallahi, tun yaushe kike nan?" Na ce, "Tun da aka kawo ka." Ya dube ni ya dubi kujerar, ya ga yadda ta lotsa. Yayarki ta shigo da ihu aka yi asibiti da ni.

Washegari ya koma yadda yake, yana tambayar inda na shiga. Amma ni na riga na ga abin da na gani. Na gaya wa yayarki ta ce tsoro ne kawai ya juyo da shi. Na ce to, a da ma ina yin magana a wurin, me ya sa bai taɓa juyowa ba?

Kada ki ga laifinta. Ita take ɗaga shi, ita take wanke shi, ga shagonta ga yara. Wanda ya gaji ba ya son sabon abu.

Da ta tafi shago na hau kujera na sauko da takunkumin. Mai gashi ta ce ba za ta yi a ɓoye ba, na ce ba ɓoyo, ni ce matar gidan kuma ni na ƙone. Ta kira yayarki a gabana ta gaya mata. Yayarki ta ce mu yi abin da muka ga dama. Mun ci gaba. Shayi kuma sai ya huce ake kawowa, yana ta mita.

Babu abin yafewa tsakanina da ke. Ki ci abinci, ki yi aikinki. Allah ya yi miki albarka.

Inna

*

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Na san na daɗe. Wasiƙunki duka na karanta, fushi ne ya hana ni amsawa, daga baya kuma kunya. Maganar gwaji da na yi miki ba ta dace ba. Ki bar ta a nan, kada ki sa in maimaita.

Hannun Inna ya warke, saura tabo. Baba kuwa ba zan ce miki ya warke ba. In ya gaji da yamma hagun yana sake ɓace masa, kuma mai gashi ta ce wataƙila wani abu zai rage har abada. Ta kuma ce ba za ta iya rantsewa takunkumin ne kaɗai ba, ga motsa jiki, ga lokaci, ga Inna da ba ta gajiya da kiransa. Amma da safe, in an ce masa "duba sosai", yana juyawa da kansa. Wani lokacin ma ba sai an ce ba.

Shekaranjiya muka fito da shi ƙofar gida ya sha iska. Kin san maƙwabcinmu na hagu ya ɗora bene tun Baba yana asibiti, mun fito da shi nan ba adadi bai taɓa cewa komai ba. Ranar sai ya waiga, ya ɗaga kai, ya ce, "Kai! Wannan kuma daga ina?" Kafin mu ba shi amsa ya hango indararon benen yana zubowa daidai kan rufin shagonsa. Auta, sai da unguwa ta fito. Yana nuni da sanda yana kiran maƙwabci ya sauko. Bawan Allah ya sauko a guje, yana ba da haƙuri yana murmushi, ya rasa wanne zai yi, don shi ma ya san halin da ake ciki. Inna tana bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, wai a bar shi ya yi faɗansa ya more. An dai gyara indararon jiya.

Ogan naki ya ba ki hutun da kika ce za ki nema? Yara sun fara rigima a kan wanda zai kwana ɗakinki.

Ga Baba yana fizgar takardar, wai shi ma zai sa hannu.

Yayarki

Auta, ni ne. Na duba uwarki da kyau, ta rame ƙwarai, kuma ba wanda ya gaya mini. Ni ba ta jin maganata. Ki zo mu taru a kanta.